Fim Ba Magana: Yadda Reggio da Glass Suka Ɗora wa Kiɗa Nauyin Labari

A tsarin da masana'antar fim ta saba da shi, mai tsara kiɗa shi ne na ƙarshen shigowa aiki, domin ba a nemansa sai an gama ɗaukar hoto, edita ya yanka ya haɗa, an kuma tsayar da tsawon kowace fitowa, sannan a ba shi 'yan makonni ya cike guraben da aka ware masa. Sau da yawa ma kafin ya iso edita ya riga ya ɗora kiɗan aro, wato kiɗan wani tsohon fim ko wani faifai da ake liƙa wa hotunan na ɗan lokaci don a ji yadda za su zauna, kuma da zarar kunnen darakta ya saba da na aron, abin da ake nema a wurin mai kiɗa bai wuce ya kawo irinsa ba, iyaka dai kada kamannin ya kai a zarge shi da satar fasaha. Fim ɗin Koyaanisqatsi, wanda aka fara nunawa a Amurka a shekarar 1982, yana cikin ayyuka ƙalilan da suka rushe wannan jeri, kuma abin da ya wakana tsakanin daraktansa Godfrey Reggio da mai tsara kiɗansa Philip Glass ya cancanci nazari, saboda ya nuna cewa lokacin da aka shigo da makaɗi cikin aiki shi ke yanke irin matsayin da kiɗa zai samu a fim.

Koyaanisqatsi fim ne na gwaji, ma'ana fim ɗin da ya ajiye ƙa'idojin da mai kallo ya saba da su don ya jarraba wata hanyar isar da saƙo. Tsawonsa minti 86 ne, kuma a cikinsa babu jarumi, babu tattaunawa, babu muryar mai bayani irin wadda ake ji a finafinan tarihi da na halittu. Abin da ke akwai shi ne hotunan hamada da duwatsu da gajimare na kudu maso yammacin Amurka, waɗanda a hankali suke ba da wuri ga mahaƙa da turakun lantarki da masana'antu, har a tsunduma cikin birane masu cunkoson mutane da motoci. Sunan fim ɗin kalma ce ta harshen Hopi, wata al'umma daga cikin 'yan asalin Amurka da ke zaune a arewa maso gabashin jihar Arizona, kuma ma'anarta tana kewaye da rayuwar da ta karkace ta rasa daidaito. Ba wannan ne karo na farko da aka yi fim ɗin birni babu magana ba, tun da a 1927 Walter Ruttmann ya yi irinsa a kan birnin Berlin da kiɗan Edmund Meisel, a 1929 kuma Dziga Vertov ya yi nasa a Tarayyar Sobiyet. Sai dai waɗancan an yi su ne a zamanin da fim bai gama koyon magana ba, shi kuwa Reggio ya zaɓi shiru da gangan bayan shekara hamsin da samun murya a silima.

Asalin mutanen biyu yana bayyana wani ɓangare na lamarin, domin babu ɗayansu da ya tashi a masana'antar fim. An haifi Reggio a birnin New Orleans a 1940, kuma yana ɗan shekara 14 ya shiga ƙungiyar Christian Brothers, wata ƙungiyar malaman ɗariƙar Katolika masu keɓe kansu don ibada da koyarwa, inda ya shafe shekara 14 yana rayuwar da azumi da addu'a da yawan shiru suka mamaye. A shekarun 1960 ya yi aiki da matasa 'yan daba a birnin Santa Fe na jihar New Mexico, a nan ne kuma ya ga fim ɗin Los Olvidados na Luis Buñuel, wanda ke magana a kan yaran titi na birnin Mexico, ya riƙa nuna wa yaran da yake kula da su, ya fahimci cewa hoto yana isa inda wa'azi bai isa ba. A 1972 ya shiga cikin waɗanda suka kafa wata cibiya mai suna Institute for Regional Education, wadda bayan shekara biyu ta gudanar da gangamin wayar da kai a kan yadda hukumomi ke amfani da fasaha wajen leƙa sirrin jama'a. A wurin shirya tallace-tallacen wannan gangami ne ya haɗu da mai ɗaukar hoto Ron Fricke, kuma da ragowar kuɗin aikin suka fara ɗaukar hotunan da suka zama Koyaanisqatsi a 1975, da farko a ƙaramin zaren fim mai faɗin milimita 16, daga baya suka koma mai milimita 35 irin na manyan gidajen silima.

Shi kuwa Glass an haife shi a Baltimore a 1937, mahaifinsa yana da shagon sayar da faya-fayen garmaho, ya yi karatu a Jami'ar Chicago da makarantar kiɗa ta Juilliard a New York, sannan ya tafi Paris a 1964 ya zauna gaban shahararriyar malamar kiɗa Nadia Boulanger. Abin da ya juya akalar fasaharsa, wani abin mamaki, aikin fim ne: an ɗauke shi ya rubuta kiɗan Ravi Shankar, gwanin sitar na Indiya, da alamomin rubutun kiɗan Turawa don makaɗan Faransa su iya karantawa a fim ɗin Chappaqua. A nan ya gano cewa kiɗan Turai yana ɗaukar lokaci ya yanka shi gaɓa-gaɓa daidai wa daida kamar rake, shi kuwa na Indiya yana jera ƙananan bugu ne ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwayoyin carbi, har su kewayo inda suka faro. Daga wannan ya gina salonsa, inda ake ɗaukar 'yar gajeriyar jimlar sauti a yi ta maimaitawa, a ƙara mata sauti ɗaya, a sake maimaitawa, a rage wani, ta yadda mai sauraro zai ɗauka abu ɗaya yake ji alhali kiɗan yana ta sauyawa a ƙarƙashin kunnensa. Masu sharhi sun laƙaba wa salon sunan da ke nufin kiɗa mai ƙarancin kaya, sunan da shi Glass bai taɓa so ba, ya fi son a ce kiɗa ne da aka gina a kan maimaici. Wanda ya taɓa tsayawa wurin kiɗan gayya ya ji yadda bugu ɗaya ke riƙe manoma tun hantsi ba su gundura ba, ba zai sha wahalar gane dabarar ba.

A 1976 Glass ya yi suna da Einstein on the Beach, wasan kwaikwayon waƙe da ya shirya tare da Robert Wilson, mai tsawon kusan awa biyar, wanda ba shi da zaren labari, mawaƙansa kuma lambobi da sunayen sautuka suke rerawa. An cika babban zauren Metropolitan Opera na New York maƙil, amma bashin da wasan ya bari ya mayar da shi kan sitiyarin tasi, sana'ar da ya haɗa da gyaran famfo har ya haura shekara 40 da haihuwa. A irin wannan hali ne Reggio ya neme shi, shi kuma ya amsa masa cewa ba ya kiɗan fim. Reggio bai haƙura ba, ya shirya masa kallo na musamman a New York, ya nuna masa wani yanki na hotunan sau biyu, sau ɗaya da wani kiɗan na'ura, sau ɗaya kuma da kiɗan shi Glass ɗin da ya riga ya fita a faifai. Bambancin da ke tsakanin kallon biyu shi ya gamsar da makaɗin, kuma akwai abin lura a nan, cewa da kiɗan aro aka janyo mutumin da zai zo ya kawar da buƙatar kiɗan aro.

Aikin da suka yi tare ya ɗauki kimanin shekara uku, kuma tsarinsa kai-da-kawowa ne. An kasa hotunan gida-gida bisa abin da suka ƙunsa, na gajimare daban, na jirage daban, na rusau daban, sai Glass ya kalli tarin da ba a riga an tace ba, ya tafi ya rubuta kiɗan da yake ganin ya dace da gidan, a naɗa shi a situdiyo ƙarƙashin jagorancin Michael Riesman da Kurt Munkacsi, abokan aikinsa na dindindin. Daga nan Fricke da edita Alton Walpole su sake yanka hotunan bisa bugun kiɗan, wani lokaci Reggio ya ɗauke kiɗan da aka rubuta don wani gida ya kai shi wani, wanda hakan ke tilasta wa Glass ya tsawaita wani wuri ko ya sake rubuta wani. Idan aka kai ƙarshe, ba mai iya nuna inda hoto ya bi kiɗa da inda kiɗa ya bi hoto. An taɓa yin makamancin haka a Rasha, inda darakta Sergei Eisenstein da mai tsara kiɗa Sergei Prokofiev suka yi Alexander Nevsky a 1938, aka yanka wasu fitowar bisa kiɗan da aka riga aka rubuta, amma a can akwai labari da jarumai da ke riƙe fim ɗin ko da an cire kiɗan. A Koyaanisqatsi babu wannan ginshiƙi, don haka duk aikin da mai bayani ke yi a fim, na cewa ga mafari, ga inda abu ya tsananta, ga inda ya kamata a ji tsoro, ya faɗo wuyan makaɗi.

Mafarin fim ɗin ya nuna yadda ya ɗauki wannan nauyi. Hoton farko zane ne na mutanen dā a jikin wani dutse da ke kwazazzabon Horseshoe a jihar Utah, dogayen siffofi marasa hannu da ƙafa suna tsaye a jere, a ƙarƙashinsu kuma ogan, wato kayan kiɗa mai madannai irin na coci, yana bin wasu 'yan sautuka masu kauri a hankali, yana kaiwa ƙarshensu yana komowa. A kan wannan shimfiɗa ne muryar Albert de Ruiter, mai zurfi kamar daga rijiya take fitowa, ke furta sunan fim ɗin gaɓa-gaɓa a kan sauti ɗaya. Masana kiɗan Turai suna kiran irin wannan gini fasakaliya, wato kiɗan da ƙasansa ke maimaita jimla guda yayin da samansa ke sauyawa, kuma tsohon salo ne da aka sani tun ƙarni na 17. Amfaninsa a nan shi ne ya sanar da mai kallo, tun bai ga komai ba, cewa abin da ke tafe ya fi kusa da makoki a kan yawon buɗe ido, ta yadda idan hotunan hamada masu ban sha'awa suka biyo baya, zai kalle su ne da zuciyar wanda aka riga aka yi wa kashedi.

Inda hikimar haɗin ta fi fitowa fili shi ne gidan da aka sa wa suna Vessels. Kyamara tana tsaye wuri ɗaya daga nesa, ta hango jirgin sama ƙirar Boeing 747 yana tahowa a kan titin filin jirgi, zafin kwalta yana sa hoton rawa kamar kawalwalniya, jirgin yana girma kaɗan-kaɗan a hoto ɗaya mai tsawo da ba a yanka ba. Makaɗin da ya saba da aikin fim zai ba wannan ƙaton ƙarfe ganguna da ƙahoni, saboda nauyi nauyi yake kira. Glass ya ba shi muryoyin mutane zalla, maza da mata na ƙungiyar mawaƙa ta Western Wind, suna rera gaɓoɓin da ba kalmomi ba, sama-sama, babu kayan kiɗa ko ɗaya a farkon. Sakamakon shi ne jirgin ya daina zama abin hawa, ya koma wata halitta da ke shawagi, mai kyau da ban tsoro a lokaci guda, kuma wannan ma'ana ba ta cikin hoton, ba ta kuma cikin waƙar idan aka saurare ta ita kaɗai. Glass ya sha bayyana cewa da gangan yake barin tazara tsakanin hoto da kiɗa, har ma ba ya yawan maimaita kallon hotunan kafin ya rubuta, domin a ganinsa tallan talabijin ne ke manne sauti da hoto ƙam don kada mai kallo ya samu sararin tunani, shi kuwa yana son mai kallo ya ƙetare tazarar da ƙafarsa.

Gidan Pruitt-Igoe ya fi kowane kusa da labari. Wannan suna ne na wasu rukunin gidajen gwamnati a birnin St. Louis, benaye 33 masu hawa 11 kowane, waɗanda Minoru Yamasaki ya zana, mutumin da daga baya ya zana tagwayen benayen cibiyar kasuwanci ta New York. An buɗe su a tsakiyar shekarun 1950 a matsayin maganin matsalar gidajen talakawa, amma rashin kuɗin gyara da wariyar launin fata da ƙaurar jama'a daga cikin birni suka mayar da su kufai, har aka fara rushe su da nakiya a 1972. A fim ɗin, manyan gogen Turawa masu kaurin murya ne ke buɗe gidan da wata jimla mai nauyi yayin da kyamara ke bin tagogin da suka farfashe, sannan jirgi ya ɗauki kyamarar ya kewaya saman ginin, kiɗan ya ƙara gudu, ƙahoni da muryoyi suka shigo, sai benayen suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya cikin ƙura. Ba a jin ƙarar fashewar ko kaɗan, kuma wannan rashin shi ne ya hana abin zama rahoton labarai. A jikin faifan kiɗan an rubuta sunan da harafin "t" ɗaya, kuskuren da ya zauna har ya zama sunan kiɗan.

Gida mafi tsawo shi ne The Grid, kimanin minti 20, kuma a nan ne aka fi amfani da dabarar tara lokaci. Kyamarar fim tana ɗaukar hoto 24 a kowace daƙiƙa, majigi kuma ya nuna su da wannan saurin, shi ya sa motsi ke fitowa yadda ido ya saba. Idan aka sa ta ɗauki hoto ɗaya tak a daƙiƙa, abin da ya faru cikin awa guda zai wuce a allo cikin minti biyu da rabi. Da wannan dabara fitilun motoci a manyan titunan Los Angeles suka zama jajaye da fararen zare masu gudana kamar jini a jijiya, mutanen New York kuma suka riƙa kwarara daga matakalar lantarki daidai yadda naɗin nama ke fitowa daga inji a masana'anta, kuma edita ya jera hotunan biyu kusa da juna don kada kwatancin ya kuɓuce wa kowa. Kiɗan ya fara da ƙahoni a natse, sannan ogan na lantarki da sarewa suka shiga bin sautuka suna hawa suna sauka da gudu, muryoyi suka hau kai, kowane zagaye ya fi na baya matsi, har mai kallo ya ji numfashinsa na neman sarƙewa. Da aka kai maƙura sai komai ya tsaya cak, aka nuna birni daga sama kusa da hoton ƙwayar lantarkin kwamfuta, layukansu iri ɗaya. Gab da ƙarshen fim ɗin aka nuna roka ƙirar Atlas-Centaur, wadda babu mutum a cikinta, da ta tarwatse jim kaɗan bayan tashinta a watan Mayun 1962, kyamara ta bi wani ɓangarenta yana ci da wuta yana juyawa yana faɗowa a hankali, ogan da muryar farko suka dawo.

A gidan The Grid ne kuma babban aibin aikin yake, kuma masu sharhi sun hango shi tun fitowarsa. Idan manufar ita ce a nuna rayuwar da ta karkace, to The Grid ya fi kowane gida daɗin kallo, kiɗansa yana sa jini tsuma, mai kallo yana fita silima yana sha'awar birnin da aka kawo shi ya yi wa kuka. Reggio ya amsa da cewa bai yi fim ɗin don ya la'anci fasaha ba, yana so ne ya nuna cewa mutum ya daina amfani da ita ya koma rayuwa a cikinta kamar yadda yake rayuwa a cikin iska, kuma abin da ke halaka mutane ai da ƙawa yake zuwa. Amsar tana da ƙarfi, amma ba ta share zargin duka ba, domin fim ɗin da ya nuna mutane kamar tururuwa daga nesa ya yi musu irin kallon da yake zargin injina da yi musu. Abin da ya ɗan fanshe shi su ne 'yan hotunan da aka rage wa gudu, inda wani tsoho ko wata mata ke tsayawa su dubi kyamara ido cikin ido, kuma ba banza ba ne a irin waɗannan wurare kiɗan ke sassautawa. Haka nan batun Hopi yana da nasa ƙaiƙayin. An tuntuɓi dattawansu irin su David Monongye da masanin harshensu Ekkehart Malotki, waƙar da ke kusa da ƙarshe kuma hasashen magabatansu ne ake rerawa da harshensu, amma ba a ga Bahopi ko ɗaya yana rayuwarsa a fim ɗin ba. Reggio ya ce ya ɗauko kalmar ne saboda ba ta da wani kaya da ta ɗauko a kunnen mai jin Turanci, wanda hakan ke nufin baƙuncinta aka yi amfani da shi.

Fim irin wannan ba ya samun kasuwa sai da uban gida, kuma Francis Ford Coppola, daraktan The Godfather, shi ya ara masa sunansa bayan ya kalla. An nuna shi a watan Oktoban 1982 a zauren Radio City Music Hall na New York mai ɗaukar mutum kusan 6,000, ya shiga gasar bikin finafinai na Berlin a 1983, a shekarar ce kuma faifan kiɗan ya fito a taƙaice, sai a 1998 aka sake naɗa shi kusan cikakke. Rikicin haƙƙin mallaka ya sa fim ɗin ya yi wuyar samu a shekarun 1990, amma a 2000 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin finafinan da ƙasa ke adanawa.

A fim na biyu da Reggio da Glass suka yi tare, Powaqqatsi na 1988, sun ƙara matsar da makaɗi gaba har ya riga kyamara. Sunan yana nufin rayuwar da ke ci da ran wasu don ta ɗore, abin da ya yi kusa ƙwarai da yadda ake siffanta maye da kurwa, kuma fim ɗin ya koma ƙasashen kudancin duniya irin su Peru da Masar da Kenya da Indiya da Nepal. Ya buɗe ne da mahaƙar zinariya ta Serra Pelada a arewacin Brazil, wani ƙaton rami da dubban mutane ke hawa da sauka a tsani, buhunan laka a wuyansu, jikinsu ya rine da taɓo har ba a bambanta wannan da wancan. Glass ya rubuta kiɗan wannan gida tun kafin a je wurin, ya bi ayarin har bakin ramin, aka sa wa mai ɗaukar hoto kiɗan a kunne yana ɗauka yana saurare, ta yadda motsin kyamarar kansa ya tashi da bugun a jikinsa. Kiɗan na ganguna da usur da muryoyin yara ne, mai kama da na biki, an ɗora shi a kan mutanen da ke ɗauke da ɗan'uwansu da ya ji rauni suna haurawa da shi, kuma har yau ana jayayya ko wannan girmama ƙwazonsu ne ko kuwa ƙawata wahalarsu. Don wannan fim ne Glass ya yi aiki da Foday Musa Suso, makaɗin kora ɗan Gambiya, wanda ya fito daga gidan jali, wato maroƙan Mandinka masu riƙe tarihin sarakuna da zuriya, sana'ar gado irin ta makaɗan fada. Kora kayan kiɗa ne mai tsirkiya 21 da ake yi da ƙatuwar ƙwarya da fata, kuma salon kaɗa ta, inda yatsu ke riƙe da zagaye ɗaya yayin da ake yi masa ado a sama, ya zo daidai da abin da Glass ya daɗe yana yi ta wata hanyar. Abotar ta wuce fim ɗin, domin sun sake haɗuwa suka tsara kiɗan wasan kwaikwayon The Screens na Jean Genet.

Na ukun, Naqoyqatsi, wanda sunansa ke nufin rayuwar yaƙi, bai fito ba sai 2002 da tallafin darakta Steven Soderbergh, yawancin hotunansa tsofaffi ne da aka jirkita da kwamfuta, shi ya sa Glass ya ba shi babban gogen Yo-Yo Ma don a samu murya ɗaya mai kama da ta mutum, kuma bai samu karɓuwar na farko ba. A 2013 sun fitar da Visitors, baƙi da fari, hoto 74 kacal a fim ɗin gaba ɗaya, yawancinsu fuskoki ne masu kallon mai kallo. Shi Glass, wanda ya ce ba ya kiɗan fim, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda Hollywood ta fi nema, har sau uku yana shiga takarar Oscar da Kundun da The Hours da Notes on a Scandal, kuma a yawancin irin waɗannan ayyuka a ƙarshe ake kiransa kamar kowa.

Salon Koyaanisqatsi kuwa ya bazu inda masu shi ba su nufa ba. Gajimare masu gudu a kan benayen gilashi da fitilun motoci masu zama zare sun zama kayan aikin masu tallan banki da mota da waya, bidiyon waƙar Ray of Light ta Madonna a 1998 ya ɗauki salon kusan dungurungum, kiɗan Pruitt-Igoe kuma ya fito a tallan wasan kwamfuta na Grand Theft Auto IV a 2007 da fim ɗin Watchmen a 2009. Tun tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar makaɗan Glass take yawo da fim ɗin ƙasa-ƙasa, a kashe sautinsa a kaɗa kiɗan kai tsaye a gaban allo kamar yadda ake yi a zamanin finafinan bebaye. A irin wannan dare Michael Riesman ne ke zaune a gaban madannai, hannu ɗaya yana kiɗa, ɗayan yana ɗagawa ya ba mawaƙa alama, idonsa kuma yana kan allo yana jiran benen farko na Pruitt-Igoe ya fara durƙushewa.